Daren Da Na Ɗauki Eilif

Ƙarfe biyu saura kwata, Bodø ta yi tsit,
sai iskar teku ke kaɗa igiyoyin jiragen masunta.
Maƙwabciya ce ta kira, karo na huɗu.
Na hau bene da takardar izini a aljihu,
ɗan sanda a bayana yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi.

Shi ya buɗe ƙofa. Shekararsa bakwai.
Bai tambayi ko su wa ba,
ya ce mu sassauta murya, Mama na barci.

Torunn na kwance a ƙasan kicin,
an juya ta ta gefe, an tokare bayanta da matashi,
ga bokiti daidai bakinta.
Na ce, wa ya yi wannan?
Ya dube ni duban wanda aka ɓata wa lokaci.
"In ta kwanta rigingine, amai zai shaƙe ta."

A tsintsiyar hannunsa shatin yatsu huɗu,
uku sababbi, ɗaya ya fara koɗewa.
Na ƙirga da ido, ban taɓa ba.
Ya ja hannun riga ya rufe.
"Ƙofa ce," in ji shi.
Shekara goma sha tara ina wannan aiki,
na san ƙofofi masu yatsu,
na san matakalai masu haƙora.

Na ce ya ɗauki abin da yake so.
Ya ɗauki safar hannu ja,
wadda uwar ta saƙa masa da kanta,
babban yatsan hagu ya fi na dama tsawo.
Hannun da ya saƙa, shi ne hannun da ya matsa.
Fom ɗina ba shi da gurbin wannan.

Hanyar Fauske duhu ne da santsi.
Bai yi kuka ba, da ma ya yi.
Yana ƙirga fitilun hanya, ya kai tamanin ya ɓace,
ya koma ɗaya.
Can wajen da dutse ya matse titi da ruwa
ya ce, "Ragnhild,"
don ya karanta sunana a katin wuyana,
"gobe wa zai juya ta?"

Na ce akwai likitoci.
Na ce akwai manya.
Ya ce, "Ba su san tana tsoron fitila ba."

Gunvor ta tarbe mu da rigar barci da madara mai ɗumi,
Oddvar ya ɗaure kare don kada yaro ya firgita.
Mutanen kirki ne, ni na tantance su.
Eilif ya cire takalmi ya jera,
bakinsu na kallon ƙofa.

Da safe na zauna rubuta rahoto.
Yaron yana hannun hukuma, haka ake rubutawa.
Na daɗe ina kallon kalmar.
Hukuma na da hannu, ba musu,
hannu mai tsawo, ya kai hawa na uku da tsakar dare.
Amma ba ta da cinya,
ba ta da bayan goyo,
ba ta san wa ke cin ɓawon burodi, wa ke barinsa ba.

Za a zauna, lauya zai yi magana, Torunn za ta zo
da gashi a taje da hannu na rawa,
za ta ce na sace mata ɗa.
Zan buɗe hotunan tsintsiyar hannu.
Ba wadda za ta yi ƙarya a cikinmu.

Da za a mayar da daren, zan sake hawa benen,
zan sake sa hannu a takardar.
Sai dai tun ranar, in na kwanta rigingine,
wani abu na taɓa kafaɗata a hankali,
sai na juya.